Masu Hoto a Gonar Wani

A kudancin Faransa, watan Yuli na yi baƙi kan cika gonakin furen nan mai kallon rana suna ɗaukar hoto. Mu a Shinkafi gero ne gwanin kyau, kuma da marka ta kankama a watan Agusta sai masu waya su fito. Gonakin bakin gari suke nufa, don na nesa yanzu ko mai su sai ya yi tambaya kafin ya je.

Akwai ɗan makaranta da ya zo hutu daga Polin Ƙaura. Zai ari galma ya saɓa a kafaɗa, baƙin tabarau a ido, ya rubuta "noma tushen arziki" a Facebook. Tafin hannunsa ko kanta babu. Ka tambaye shi noman firi aka yi ko maimai, sai ya ce caji ya kusa ƙarewa.

Mai neman kujera ya fi shi ɓarna. Da shadda mai sitaci yake zuwa, yaransa na biye, ɗaya riƙe da lema. Kafin a sami inda haske ya dace an tattake kunya uku. Zai dafa zangarniya ya yi fuskar tausayi, ya yi alkawarin taki, takin kuma ya iso bayan an ɗaure dammuna, in ma ya iso. Hoton dai yana fitowa da kyau, wannan ba a ƙwace masa ba.

Wata kuwa daga tagar mota take ɗauka a hanyar Zurmi, saboda ƙaiƙayi.

Na fi jin daɗin ɗan ci-rani da ke Legas. Ƙanensa ke turo masa hoton gonar gida ta WhatsApp, shi kuma ya buɗa shi da yatsa biyu yana ƙirga damin da zai samu, har ya yanke wa buhu farashi a kasuwar Alhamis. Bai san gonar maƙwabci yaron ke ɗauka ba.

Mai gonar yana tsaye gefe da yagaggiyar taguwa. Ya ce, "Ɗana, mi kaka nema cikin hatsina?" Aka ce, "Baba, ɗan matsa kaɗan, kana shiga hoton." Ya matsa, amma sai da ya karɓe galmarsa.