Masu Shakkar Sabon Koci a Gidajen Kallon Iddo

Shakkar sabon koci tsohuwar ɗabi'a ce a gidajen kallon ƙwallo na unguwannin Hausawan Legas, daga Iddo zuwa Agege, Idi-Araba da Mile 12. Takan fara tun ana raɗe-raɗin sunan mutumin, ta yi ƙamari ranar da ƙungiya ta fitar da hotonsa yana sa hannu a takarda, ta ci gaba har ranar da aka sallame shi. Iddo wuri ne da ya dace da nazarinta. Nan ne bakin layin dogon da ya haɗe Legas da Kano tun 1912, nan ake sauke wake da hatsi daga Arewa, nan kuma manyan motoci ke lodin fasinja zuwa gida. Mutanen da suka yini suna soka buhu don su gane wake mai ƙwari ba sa karɓar kaya don kawai mai shi ya yaba. Da wannan idon suke shiga rumfar kallo da daddare, su jeru a benci, janareto na ruri a bayansu. In an tashi wasa, a koma teburin mai shayi a ƙarasa shari'ar.

Wanda ya fi yawa a cikinsu shi ne mai binciken tarihi. Tambayarsa ɗaya ce, kuma da ita yake tarbar kowa: "A ina ya taɓa cin kofi?" Hujjarsa babba ita ce David Moyes, wanda ya yi shekara 11 a Everton babu kofi, Manchester United ta ba shi kwantiragin shekara shida a 2013, ta kore shi a watan Afrilun 2014 tun kaka ba ta ƙare ba. In an matsa masa sai ya ƙara da Graham Potter, wanda Chelsea ta ɗauko daga Brighton a 2022, bai cika wata bakwai ba. Matsalar ita ce ko an kawo masa wanda ya ci kofin, ba ya gamsuwa, domin yana da ma'auninsa na ƙasashe. Kofin Holan a wurinsa wasan sada zumunci ne. Na Fotigal kuwa ƙungiya uku ce ke karɓa-karɓa. Da wannan ma'aunin ya yi watsi da Arne Slot da Liverpool ta kawo daga Feyenoord a 2024, Slot ya ɗauki kofin Firimiya a kakarsa ta farko. Da shi ya raina Enzo Maresca, mai zuwa Chelsea daga Leicester ta rukuni na biyu, wanda ya casa PSG uku da nema a wasan ƙarshe na kofin ƙungiyoyin duniya a 2025. Idan aka tuna masa waɗannan, yakan ce 'yan wasa ne suka yi aikin. Kada dai a kuskura a ambata masa cewa daga Japan Arsenal ta ɗauko Arsène Wenger a 1996, domin daga nan zai ce ana neman a kawo masa raini, ya nemi a sake masa shayi.

Kusa da shi akwai dattijo mai kewar wanda ya tafi. Galibi ɗan United ne, ya fara kallo tun talabijin na da ƙeya, kuma a lissafinsa ƙwallo ta ƙare a 2013, ranar da Alex Ferguson ya ajiye aiki da kofin Firimiya 13. Duk wanda aka kawo bayan nan, ɗan riƙon ƙwarya ne. Ba ya musu da ƙarfi. Girgiza kai yake yi, ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Yara sukan ce masa, "Baba, ai shi ma Ferguson ɗin tun 1986 ya zo, bai ci komai ba sai 1990." Sai ya ce lokacin mutane na da tarbiyya. Yana da takwara a cikin 'yan Arsenal, wanda ya yi shekaru yana ihun a kori Wenger, da aka rabu a 2018 kuma ya zama shi ne shugaban masu makoki.

Sai masanin tsari, wanda ya fi kowa cin wuri a teburin shayi, domin ba ya iya bayani sai da kayan aiki. Yakan jera murfin kwalba uku a baya, ya sa ƙwayar sukari huɗu a tsakiya, ya ari cokalin mai shayi ya mai da shi ɗan wasan gaba. Matashi ne yawanci, mai sayar da kayan waya ko ɗan makaranta da ya zo hutu wurin kawunsa, kuma rabin cinikinsa a data yake ƙarewa. Zamaninsa ya zo sosai a watan Nuwamban 2024, lokacin da United ta ɗauko Ruben Amorim daga Sporting ta Lisbon. Amorim mutum ne da aka sani da 'yan baya uku, masanin tsari kuwa ya rantse United ba ta da 'yan gefen da za su iya hawa da sauka minti casa'in. Kwanaki kaɗan kafin Amorim ya kama aiki, Sporting ta lallasa Manchester City huɗu da ɗaya a Gasar Zakarun Turai, sai aka yi wa masanin caa, har mai shayi ya karɓe cokalinsa. Ya yi shiru na mako guda. Da kaka ta ƙare United tana ta 15, ga kuma Tottenham ta doke ta ɗaya mai ban haushi a wasan ƙarshe na Europa a Bilbao, sai ya dawo da murafensa, wannan karon har da na ajiya a aljihu. A cikin duk masu shakka shi kaɗai ne wani lokaci yake faɗin abin da ke da alaƙa da ƙwallo, kuma shi ne aka fi ƙosawa da shi.

Mai duba fuska ba ruwansa da wannan wahala. Hoto ɗaya ya ishe shi. Ya ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma Larabar koci tana fuskarsa. Wanda ke yawan murmushi yara za su raina shi. Wanda ke sa kwat lauya ne. Wanda ke zama a benci bai damu ba, wanda ke tsalle a bakin fili kuma ba shi da natsuwa. Da aka kawo Erik ten Hag a 2022 ya ce United ta ga sanƙon Pep Guardiola ne ta je ta sayo irinsa, amma ba kowane sanƙo ne ke da ilimi a ƙarƙashinsa ba. Amorim kuma, mai shekara 39 a lokacin, ya ce ai yaro ne, wasu 'yan wasan ma sa'anninsa ne.

Daga ɓangaren manyan 'yan kasuwa ake samun mai lissafi. Dillalin wake ne ko ɗan canji, kuma shi kaɗai ake tanadar wa kujerar roba a gaba. Ba ya tambayar tsari ko tarihi, tambayarsa ita ce nawa aka biya. Da ya ji Chelsea ta ba Brighton sama da fam miliyan 20 don ta saki Potter da mataimakansa, nan take ya juya kuɗin zuwa naira a farashin ranar, ya raba da kuɗin buhu, ya faɗi adadin tirelolin da za su ɗauko daga Dawanau. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne kuɗin sallama: a ce mutum ya lalata maka kaya, sannan kai ne za ka biya shi don ya tafi. A tsarin kasuwar da ya sani, yaron shago da ya jawo asara shi ke zuwa da dattawa ba da haƙuri. Ba wanda ke iya musu da shi, wani ɓangare saboda lissafinsa daidai ne, wani ɓangare kuma saboda sau da yawa shi ke biyan kuɗin shayin.

Akwai wanda shakkarsa ta tsallake kocin ta faɗa kan waɗanda suka ɗauko shi. A wurinsa ruwa ba ya tsami banza. In ɗan United ne, laifin iyalan Glazer ne, masu ƙungiyar tun 2005. In ɗan Chelsea ne, tun da Roman Abramovich ya sayar a 2022 komai ya lalace, kuma ya manta Abramovich ɗin ne ya kori Roberto Di Matteo wata shida bayan ya kawo masa kofin Zakarun Turai na 2012. Wannan mutumin bai cika nuna gwanintarsa ba sai an zo kan Kano Pillars. Pillars ta gwamnatin jiha ce, gwamnati ke naɗa shugabanninta, don haka duk kocin da aka kawo, tambayar farko ita ce, "Yaron wa ne?" Yana da labarin wanda ya kira wa a waya da ƙarfe nawa na dare, alhali rabonsa da Kano tun Babbar Sallah.

Maganar Pillars tana raba majalisa ta hanyar da ƙwallon Turai ba ta yi. A nan ɗan United da ɗan Liverpool kan koma benci ɗaya, domin Sai Masu Gida ta kowa ce, ban da tsirarun 'yan Katsina United da na El-Kanemi. Rabuwar ta ɗan gida da baƙo ce. Ɓangare ɗaya na cewa sai wanda ya san Sabon Gari, ya san halin masu cika filin Sani Abacha, zai iya. Ɗaya ɓangaren na cewa ɗan gida kunya za ta hana shi ajiye manyan 'yan wasa a benci. Tarihi bai taimaki kowa ba. Kadiri Ikhana ne ya fara kawo kofin ƙasa a 2008, Okey Emordi ya kawo na 2014, dukansu kuma sun taɓa cin kofin zakarun Afirka da Enyimba ta Aba. Mohammed Baba Ganaru ya kawo na 2012 da 2013. Ibrahim Musa, ɗan gida, shi ya ci kofin ƙalubale na 2019, shekarar da aka buga zagayen ƙarshe na gasar ƙasa a filin wasa na Agege, Pillars ta zo ta biyu bayan Enyimba a gaban idon Hausawan Legas. Da aka gwada Bafaranshe Lionel Soccoia a 2020, ɓangarorin biyu sun haɗu a karon farko, suka yi shakkarsa tare. Faɗuwar ƙungiyar zuwa rukuni na biyu a 2022 kuwa kowane ɓangare ya ɗauke ta a matsayin tabbacin maganarsa.

Mai haƙuri shi ne mai cewa a ba shi lokaci. Haƙurinsa wasa uku ne. In an yi rashin nasara a na uku, muryarsa ake fara ji daga bayan rumfa.

Ya fi shi wayo mai baki biyu, wanda ranar naɗi yake ce wa na damansa kocin zai yi abin mamaki, ya juya ya ce wa na hagunsa ba zai kai Kirsimeti ba. Duk yadda ta kaya yana da shaida, kuma yakan kira shaidar da suna: "Malam, ba a gabanka na faɗa ba?" A kan Mikel Arteta ya fi cin riba. An naɗa shi a Arsenal a Disambar 2019 bai taɓa riƙe ƙungiya ba, mataimakin Guardiola kawai yake. Ya ci kofin FA a 2020, ya ƙare na takwas sau biyu, daga baya ya jera na biyu sau uku. Babu ɗaya daga cikin waɗannan kakanni da mai baki biyu bai ce ya hango ba.

Wanda magoya baya suka fi jin zafinsa ba ya shakka ko kaɗan, a baki. Ɗan adawa ne. Ranar da abokan gaba suka yi sabon koci, shi ke fara zuwa taya murna, ya bi benci yana miƙa hannu, yana cewa Allah ya sanya alheri, wannan karon kun dace. Yana addu'ar a ba mutumin shekara goma. Idan aka ci su, shi ke kare kocin da cewa alƙalin wasa ne, a ƙara masa lokaci. Da zarar an ji ɗan Chelsea yana yabon kocin Arsenal da fuskar tausayi, 'yan Arsenal sun san akwai matsala. A gefensa, cikin duhu, akwai wani mai shiru da ke yawan leƙa wata 'yar takarda a tafin hannunsa. Shakkarsa ta fi ta kowa gaskiya, domin kuɗin cefane ne a ciki, amma ba ya iya faɗin dalilinta a gaban manya.

Mai gidan kallo ma yana da tasa shakkar, sai dai ta sana'a ce. Ya sayi mai, ya biya kuɗin tasha, abin da yake so shi ne benci ya cika. Kocin da ke cin wasa yana kawo masa magoya baya. Kocin da ake ci yana kawo masa ninkinsu, domin ranar da United ke cikin masifa 'yan Chelsea da Arsenal da Liverpool da Barcelona duk biya suke yi su shigo kallon gawa. Wanda yake tsoro shi ne mai canjaras babu ci, mai sa 'yan wasa su yi ta miƙa wa juna ƙwallo a baya har 'yan dako su fara gyangyaɗi. Irin wannan ya gani a hannun Louis van Gaal, wanda United ɗinsa ta ci ƙwallo 49 kacal a wasa 38 na kakar da ta ƙare a 2016. Shi ya sa idan aka sanar da sabon koci, kowa na tambayar kofunansa, shi kuwa yakan jawo masanin tsari gefe ya tambaye shi ko mutumin yana bari a zura ƙwallaye, ko a wace raga ce.