Kunun Ayar Sifaniya

Abokin karatuna ya gayyace ni gidansu a Alboraya, wani gari a gefen birnin Balensiya wanda gonakin aya suka kewaye. Ana tsala zafi, sai mahaifiyarsa ta fito da kofi mai raɓa da wani siririn burodi mai zaƙi da suke kira fartón. Ta ce in ɗanɗana horchata, abin tinƙahon garinsu. Ina kurɓa na ji kunun aya ne sak, sai dai ba dabino, ba kwakwa.

Mu Hausawa in abu bai cika fari ba, ninka kalmar muke yi, mu ce fari-fari, magana ta ƙare. Su kuwa mutanen Sifaniya jela suke liƙa wa blanco, wato fari, kuma kowace jela da halinta. Blanquecino fari-fari ne mai mutunci. Blancuzco kuwa yakan nuna farin da ya sha dauɗa, irin na tsumman goge tebur. Rana ɗaya malaminmu ya koyar da su, ni kuma ranar gyangyaɗi ya fi ƙarfina.

Na ɗaga kofi, na gyara murya, na ce, "Senyora, tunda nake ban taɓa ganin horchata blancuzca irin taki ba!" Har ina jin daɗi na tuna cewa kalmar mace ce, na ƙare ta da "a" yadda nahawu ya tanada.

Tsohuwa ta dubi kofin, ta dube ni. Abokina ya sunkuyar da kai yana tsakurar burodi.

Garin gyaran gira sai na rasa ido. Na ce ai ƙila ma ayar tamu ce ta Maraɗi, tunda Sifaniya na sayen aya daga Nijar. Ashe maigidan manomin aya ne gaba da baya, kuma ayar Balensiya har takardar shaidar asali gare ta, wadda suke ji da ita sosai. Dattijo ya ɗauki malafarsa, ya ja ni gona da tsakar rana, ya bi kunya-kunya yana nuna mini, yana bayani da hannu da ƙafa, ni ko gumi har cikin takalmi.

Muka dawo maƙogwarona a bushe, ina ta satar kallon tulun horchata. Senyora ta miƙo mini ruwan famfo, ta ce, "Sha, ɗana. Wannan ba shi da launin da za ka yaba."