Bahagon da ya fara da wayar burkin keke

Na san za ku ce na zo da tatsuniya. Tun ranar da na faɗa a teburin mai shayi a Farfaru cewa ɗaya daga cikin gwanayen jita na duniya a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, ake yi mini kallon wanda rana ta taɓa. Wani direban Maraɗi har ya ajiye kofinsa ya ce, "Malam, kiɗan rok ai na Turawa ne masu gashi buzu-buzu." Na ce Alhaji, rabin maganarka gaskiya ce, Buzu ne, amma gashin yana cikin rawani.

Sunansa Mahamadou Souleymane, duniya ta san shi da Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa a Nijar. Gidansu gidan addini ne, ba a son jin kiɗa, balle a saya wa yaro jita. Da ya ga Abdallah Oumbadougou yana wasa, sai abin ya shiga ransa, ya samo katako ya ɗaura masa wayoyin burkin keke. Ku da kuke dariya, wa ya taɓa raina kuntigin Ɗan Maraya Jos don an yi shi da gwangwani? Ga shi kuma bahago, wato ko jitar aro ya samu sai ya yi fama da ita a juye.

A 2008 ya tsallako Sakkwato ya naɗi faifan Anar. Nan fa za ku so ku ƙaryata ni, don duk wanda ya saurara zai rantse waƙar fim ɗin Kano ce: ga kiɗan na'ura, ga muryar nan da kwamfuta ke lanƙwasawa kamar ana jan ƙaro, sai dai harshen Buzanci ne. Ba kanti, ba kamfani. Daga waya zuwa waya ta bulutut waƙoƙin suka yi ta yawo, memori ya ba memori, har Mali. Kun fi kowa sanin yadda wannan fatauci yake. Buhun shinkafa sai an tsaya an yi dogon bayani a bakin iyaka, amma ban taɓa ganin an sauke waƙa daga mota ba.

A can Mali wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci waƙar Tahoultine a wayoyin mutane, ya sa ta cikin wani faifai da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011, ya kuma yi ta cigiyar mai ita har ya same shi. Shi ya kawo masa jitar bahagwai. A 2015 suka fitar da wani fim da suka yi a Agadas, kwaikwayon Purple Rain na Prince, kuma da yake Buzanci ba shi da kalmar shunayya, sai suka sa masa suna mai nufin ruwan sama shuɗi da ɗan ja a ciki. Da sun tambayi marinan Ƙofar Mata da sun huta.

To ina ƙungiyarsa, in ji ku, ai mutum ɗaya kake ta wasawa. Ku yi haƙuri, gaggawa ba ta haifar da ɗa mai ido. A filin biki aka haɗa ta, inda ake kafa lasifika a kan yashi, janareto na kuka, ana kiɗa har dare ya raba. Ahmoudou Madassane ke riƙe jita ta biyu, Souleymane Ibrahim ke dukan ganguna da saurin da zai sa ɗan kalangu ya nemi ruwa. Na huɗunsu Mikey Coltun ne, Ba'amurke mai jitar nan mai kaurin murya, wanda kan sauka Yamai ya hau bas ya yi tafiyar fiye da kilomita 900 zuwa Agadas don a yi atisaye. Ku da Jibiya zuwa Katsina ke sa ku ciwon baya, ku ji.

A 2019 suka fitar da Ilana, wanda suka naɗa a Detroit, faifai na farko da suka yi a matsayin cikakkiyar ƙungiya. A 2021 kamfanin Matador ya fitar musu da Afrique Victime, jaridun Turai da Amurka suka yi ta yabo, sai ga 'yan bokonmu sun fara cewa ai dama sun san shi.

Alhaji direba, kafin ka sake cewa ƙarya nake, ɗauko tsohon memorin nan da ke cikin aljihun motarka, mu saka a rediyo. In babu jitar Buzaye a ciki, kuɗin shayin yau a kaina.