Malam Admin, Babban Masanin Kundina

Duk wanda ya rubuta kundin digiri na biyu ya san shafukan manazarta ne ke fito wa mutum da furfura. Ina waƙafi, ina aya, wane suna ne ke gaba, wace shekara ce ke shiga baka. Tsarin APA kaɗai ya kai bugu na bakwai tun 2019, kuma akwai malaman da tun daga layin farko za su gane ka cakuɗa shi da na shida.

Shi ya sa da wani ɗan ajinmu ya ɗora mini Zotero a kwamfuta, na ɗauka digiri ya zo hannu. Manhaja ce ta kyauta da aka ƙirƙiro a Jami'ar George Mason ta Amurka a 2006, da farko a jikin burauzar Firefox. Tana sa ɗan maɓalli a saman burauza. Ka buɗe bayanin littafi a WorldCat ko maƙala a Google Scholar, ka danna, sai ta kwashe sunan marubuci da take da shekara da maɗaba'a ta adana. In ka koma Word, ita za ta jera maka manazarta. Akwai kishiyarta Mendeley, wadda kamfanin Elsevier ya saya a 2013, amma ni na riga na yi mubaya'a.

Daga nan na shiga danne-danne. Da zarar dare ya raba, data ta yi arha, duk shafin da ya ambaci Hausa sai na danna shi. Ban ankara ba har na cinye MB 300 ɗin ajiya da Zotero ke bayarwa kyauta. Na zama kamar manomin da ya cika rumbu da buhuna, bai kwance bakin ko ɗaya ya ga hatsi ne ko ƙaiƙayi ba. A sashe kuwa ƙirji a gaba nake tafiya, har ina tausaya wa masu rubuta manazarta da biro.

Wata rana na buƙaci ƙamusun Bargery na 1934. Na tambayi WorldCat, wanda ƙungiyar OCLC ta jihar Ohayo ke gudanarwa, ya jero mini ɗakunan karatu na Ingila da Amurka da ke da shi. Na tafi ofishin mai duba aikina da fuskar ta'aziyya.

"Ranka ya daɗe, Bargery fa babu shi a ƙasar nan. Sai Landan."

Malam ko ɗago kai bai yi ba. Ya miƙa hannu baya, ya zaro wani ƙaton littafi da aka ɗaure bayansa da salatif, ya dire shi a tebur har ƙura ta tashi.

"To, ga Landan. Ka dawo da ita ranar Litinin."

Ashe WorldCat ɗakunan karatun da suka shigar da kayansu cikinsa kawai ya sani. Kantar Malam ba ta yi rajista ba.

Wannan bai sa na saduda ba. Da lokacin miƙa babi na biyu ya yi, na danna maɓalli, manazarta suka zubo reras, na buga na kai ko dubawa ban yi ba. Malam ya tsallake babin gaba ɗaya, ya buɗe shafin ƙarshe, jan biro a hannu.

"Wane ne Admin?"

Na leƙa. Ga shi nan kuwa, a saman jerin, har ya sha gaban Bargery.

"Masani ne, Allah gafarta Malam. Yana rubutu sosai."

"Na gani. Ya yi rubutu a kan karin magana, ya yi a kan tashe, ga shi har da noman gyaɗa. A wace jami'a yake koyarwa?"

"Ina jin a Turai ne."

Malam ya cire tabarau ya goge ido. Sannan ya yi mini bayani a hankali, yadda ake yi wa mara lafiya: shafukan intanet da yawa ba sa sa sunan marubuci, sunan asusun mai kula da shafin ne ke fitowa. Manhajar abin da ta tarar shi ta kwaso. Ni ne na naɗa wa mutumin rawani, na kafa hujja da shi a sakin layi bayan sakin layi. Aikin da na so in gama da danna ɗaya, da hannu na sake bin sa layi-layi. Sauri ya haifi nawa. Labari kuma ya riga ni fita daga ofishin, har yau 'yan ajinmu Admin suke kirana.

Ɗalibi ɗan'uwana, ka ɗora manhajar, tana rage wahala ƙwarai. Amma duk abin da ta kwaso, ka buɗe ka duba suna da shekara, kuma kada ka kafa hujja da abin da ba ka karanta ba. Kafin ka ce littafi sai ƙasar waje, ka fara shiga laburaren makarantarku ka tambayi ma'aikacin da ke bakin kanta.