Ku Gama Dariyar, Babur Ɗin Zai Tashi

To, masu shakka, ku gyara zama. Da na ce muku a Amurka ana samun saurayin da bai taɓa kwance inji ba, ya ɗauki kuɗin guminsa ya sayi babur ɗin da mota ta murƙushe, wai da shi zai haɗa abin hawa, na san wasunku har sun fara tafa hannu suna salati. Alhaji na gefe yana cewa araha ba ta ado. Hajiya ta ce a binciki yaron nan, ko jifansa aka yi. Oga bakanike ya fi kowa hasala, don shi sai da ya shekara yana wanke sifana kafin a bar shi ya taɓa kabureta, yau kuma wani ya kalli bidiyo a YouTube ya ce zai ƙera babur. Duk na ji ku, kuma ba zan bar kowa ya tashi ba sai ya karɓi rabonsa.

Abin da yaron ke son haɗawa shi ne wanda Amurkawa ke kira cofa. Kun sha ganinsa a fim: ƙafar gaba ta yi tsawo ta miƙe can, tanki ɗan mitsitsi, kujera a ƙasa, hannuwa a sama, mai tuƙi ya ɗaga damatsa kamar mai shanya wanki. Asalinsa daga bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne. Kamfanin Harley-Davidson, wanda aka kafa a Milwaukee a 1903, ya ƙera wa soja dubun-dubatar babura, da yaƙi ya ƙare aka riƙa sayar da su a arha. Samarin da suka dawo daga fagen daga suka ga baburan sun yi musu nauyi, sai suka shiga cire duk abin da ba ya ƙara gudu. Zuwa shekarun 1960, a jihar Kalifoniya, abin ya wuce cire-cire, an kai ga yanka firam ɗin kansa ana sake masa tsayuwa. Wato tun ran gini tun ran zane, Alhaji, da tsohon ƙarfe aka fara wannan sana'a.

Yanzu ga lissafin da kuka tsallake saboda dariya. Idan babur ya yi karo, me ke lalacewa? Sandunan gaba su lanƙwashe, tanki ya lotsa, fitila ta tarwatse, madigadi da robobi su tafi. To mai haɗa cofa ko sabon babur ka ba shi fil a leda, waɗannan su zai fara kwancewa ya jefar. Don me zai biya kuɗin abin da zai zubar? Kamfanin inshora ya duba ya ga kuɗin gyara ya kusa kai darajar babur ɗin, ya biya mai shi, ya tura gawar gwanjo. Yaronmu abu uku yake nema a jikin gawar: inji, wuyan firam, da takardu. In waɗannan suna lafiya, motar da ta buge babur ɗin ta rage masa aiki ne, ta kuma rage masa farashi.

Oga bakanike zai ce, ta yaya ɗan koyo zai san inji na da lafiya? Tambaya ce ta masu sana'a, na yarda. Zai cire fulogi ya juya injin ya ji ko ya daskare. Zai ɗaura ma'aunin matsin silinda ya ga ko rin da bawul na riƙe iska. Zai juye baƙin mai a kwano ya duba ko akwai ɓarɓashin ƙarfe a ciki, ya haska tocila a ƙarƙashin inji ko kaskon ya tsage lokacin da babur ya ja ƙasa. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da ke buƙatar shekara bakwai a gareji, Oga, sai dai idan wanke sifanar ma darasi ne da ba a gaya mana ba. Kuma masu wayo daga cikin 'yan koyon ba sa taɓa injin zamani mai kwamfuta a ciki. Suna neman irin su Yamaha XS650, wanda ya fito a 1970, silinda biyu, iska ke sanyaya shi, ana iya tayar da shi da ƙafa, kayan gyaransa kuma har yau a cike suke. Wasu su nemi Honda CB750 na 1969 zuwa sama, masu ɗan ƙarfin aljihu su nemi Sportster na Harley, wanda ake ƙerawa tun 1957.

Batun takardu kuwa, nan ne ɗan koyo ke shan wuyar da bai zata ba. A mafi yawan babura lambar shasi a wuyan firam take, kuma tun 1981 a Amurka haruffa da lambobi 17 ne. Wanda zumuɗi ya ɗebe shi ya datse wuyan ya yar, ya yar da shaidar babur ɗin ke nan. Babur ɗin da inshora ta yafe yana zuwa da takardar da ke nuna ya taɓa mutuwa, kuma a jihohi da yawa sai jami'i ya duba shi bayan gyara, ya ga rasit ɗin kayan da aka ɗora don ya tabbatar ba na sata ba ne, sannan a ba shi lamba. Ku da ke sayen babur a bakin kasuwa da "wallahi nawa ne", wannan sashen ku yi shiru kawai mu wuce.

Inda zan ba ku gaskiyarku, ko da yake ba don ita kuke dariya ba, shi ne walda da tsayuwar ƙafar gaba. Cofa ta gargajiya ba ta da shokazoba a baya. Ana yanke rabin firam na baya a liƙa wani sandararre, kuma ana sayar da shi a shirye don irin su XS650. Amma liƙawar ita ce magana. In ya karkace ko da kaɗan ne, tayar baya ba za ta bi sawun ta gaba ba, babur ya riƙa tafiya a kaikaice. In waldar ba ta ci ƙarfe sosai ba, ranar da za ta saki ba a tsakar gida za ta saki ba. Ɗan koyo mai hankali yana koyon walda a kan maƙalin fitila da mazaunin batir, firam kuwa ya ɗauka ya kai wa gwani mai teburin ɗaure firam, ya biya, ya dawo gida da ƙashinsa cikakke. Wanda ya ce shi ma zai iya saboda ya taɓa gyara ƙofar gidansu, wannan ku yi masa dariyar, har ni zan taya ku.

Ita kuma doguwar ƙafar nan da ke ba ku mamaki, akwai lissafi a bayanta. Babur na titi wuyansa kan karkata wajen digiri 25 zuwa 30 daga tsaye, na cofa ya kai 40, wani ma 45. Ka ja layi daga cikin wuyan har ƙasa, zai sauka a gaban inda taya ke taɓa kwalta. Wannan 'yar tazarar, wadda aka fi so ta tsaya tsakanin santimita 10 zuwa 15, ita ke sa babur ya miƙe da kansa in yana gudu. In ta yi kaɗan, kan babur ya kama kaɗawa a tsakiyar titi har ya kada mai shi. In ta yi yawa, kan ya yi nauyi, a ƙaramin gudu ya riƙa faɗawa gefe, juyawa a lungu ta zama aikin gayya. Don haka kafin yaron ya sayi doguwar ƙafa, sai ya durƙusa da igiya da awo da alli a ƙasan gareji. Har hannuwan ma doka ta shiga: a Kalifoniya ba a yarda hannun mai tuƙi ya wuce kafaɗarsa da fiye da inci 6 ba.

Na hango wani a baya yana murmushi, yana jiran in faɗi abin da ya sani. To na faɗa: da yawa ba sa gamawa. Kwancewa daɗi gare ta, yini guda ya isa. Sai a zo wayarin, a tarar da tulin wayoyi masu launi iri-iri, zumuɗi ya sace, kuɗi su ƙare, babur ya koma kwalaye a kusurwa, bayan shekara biyu a sa shi a kasuwa da sunan "saura kaɗan". Amma ka lura, malam, wa ke sayen kwalayen? Wani ɗan koyon ne, a rabin kuɗi, an riga an yi masa wahalar kwancewa.

Ga wanda har yanzu yake ganin tarkace tarkace ne, bari in ba shi labarin cofar da ta fi kowace suna a duniya, ta fim ɗin Easy Rider na 1969, wadda Peter Fonda ya hau, mai tutar Amurka a tanki. Tsofaffin baburan 'yan sanda ne na Harley aka saya a gwanjo aka sake musu halitta. Waɗanda suka yi aikin baƙaƙen fata ne biyu na Los Angeles, Ben Hardy mai shagon gyaran babur da Cliff Vaughs ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙaƙe, kuma an daɗe ba a ambaton sunansu. An farfasa ɗaya daga cikin baburan a ƙarshen fim ɗin, aka tattara aka sake haɗawa. A 2014 aka kai wanda aka ce shi ne gwanjo, tayi ya kai dala miliyan 1.35, duk da cewa har yau ana gardamar ko shi ne na ainihi. Alhaji, yaya batun arahar nan da ba ta ado? Sai dai kada yaronmu ya kwaikwayi Fonda a komai, don babur ɗin fim ɗin ba shi da birkin gaba, alhali birkin gaba ne ke ɗaukar kusan kashi 70 cikin ɗari na tsayar da babur.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne su wa ke dariyar. Mutanen da ke da Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, inda mataccen inji ke shiga da safe ya fito da yamma yana tari. Mutanen da in ka duba Jincheng ɗinsu, tankin na wani ne, kujerar ta wani ce, salansar kuma waya ce ke riƙe da ita. Ku kun yi don dole, kun kira shi dabara. Shi ya yi don marmari, ya ƙara fenti mai ƙyalli, kun ce a kai shi asibiti.

Saura Hajiya, da ke tambayar ina za a ɗora buhun shinkafa, ina kuma uwargida za ta zauna. Babu wurin buhu, ranki ya daɗe. Tankin ma wajen lita 8 yake ci, duk gidan man da aka gani sai an tsaya an gaisa. Wurin zaman uwargida kuwa ɗan matashi ne a kan madigadin baya, ba shokazoba, kowane rami sai ya isar da saƙonsa har ƙeya. In ta hau sau ɗaya, da kanta za ta ce ya riƙa tafiya shi kaɗai, kuma ina kyautata zaton da wannan lissafin ya fara aikin tun farko.