Yadda Za Ka Zaga Nguru Da Gashuwa Da Tsohonka Ana Tsakiyar Bazara

Da farko dai, in da hali, ka lallashi Baba ya bari sai Disamba. Ka gaya masa lokacin ne gari ke da sanyi, fadama na cike da ruwa, tsuntsayen Turai sun sauka. Zai saurare ka har ka dasa aya, sannan ya ce shi a Afrilu ya yi niyya, domin akwai ta'aziyyar wani amininsa da bai samu zuwa ba, kuma yana so ya sake ganin tashar jirgin Nguru tun ƙafa tana yarda. Daga nan magana ta ƙare. Abin da ya rage maka shiri ne, kuma ka yi shi da gaske, domin a arewacin Yobe daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi kan haura 40 da tsakar rana, rairayi ya ɗauki wutar da silifa ba ta iya tarewa.

Ka fara da zaɓen rana. Kada ka sa tafiya Litinin ko Alhamis. Tsoho mai azumin nafila ba ya sanarwa, sai kun wuce Haɗeja ka miƙa masa gorar ruwa ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ajiye sai Magariba." Ka tuna masa matafiyi yana da rangwame, ya tuna maka cewa shi ya koya maka wannan karatun. Don haka ka rufe ƙofar gardamar tun daga gida, ku tashi Talata ko Asabar.

Kayan da za su shiga but ɗin mota ba su da yawa, amma kowanne yana da ranarsa. Kujerar roba mai hannu ita ce kan gaba, domin mafi yawan wuraren da za ku tsaya benci ne ko tabarma, kuma zama a ƙasa ba shi ne wahalar tsoho ba, tashin ne. Sai buta, darduma, lema, mafici, sanda, da kula cike da ƙanƙara da ruwa. Magungunan hawan jini da na suga su zauna a jakar hannunka, kada a bar su kan gaban mota rana ta dafa su, allurar masu ciwon suga kuwa wurinta cikin kula, a naɗe da tsumma don kada ta taɓa ƙanƙarar. Idan Inna na cikin tafiyar kuma da keken guragu take yawo, ka sani ƙafar keken nutsewa take a yashi. Ka nemi matashi mai ƙarfi ya bi ku, ku riƙa jan keken ta baya a inda rairayi ya yi zurfi. Motar kuma ta zama mai sauƙin hawa. Jif mai tudu tana da kyau a hoto, amma gwiwar ɗan shekara 75 ba ta san hoto ba. Cikin gari keke napep ya ishe ku, babur kuwa kada ma a kawo zancensa.

Ranarku ta yawo kashi biyu ce kawai. Kashin farko daga sallame Asuba zuwa ƙarfe goma na safe, na biyu daga bayan La'asar zuwa Magariba. Abin da ke tsakani na inuwa ne da fura da ƙailula. Mutanen garin da kansu haka suke yi, kuma sun fi ka sanin ranarsu.

Da sanyin safiyar farko ku nufi tashar jirgin ƙasa. A nan layin dogon da ya taso daga Kano ya bi ta Ringim da Malam Madori da Birniwa ya zo ya tsaya, tafiyar kimanin kilomita 230, kuma tun 1930 ya iso. Wannan dogo shi ya mai da Nguru babbar mahaɗar fatauci. Gyaɗa da ƙaro da fatu da ƙiraga da shanu da busasshen nama duk nan ake tara su daga ƙasar Barno da Mangari har da ƙetaren Nijar, a loda su zuwa Kano da kudu. Shi ya sa garin ya tara Mangawa da Barebari da Hausawa da Fulani da Yarabawa da Inyamurai a wuri ɗaya. To ga shawara mafi muhimmanci a wannan tasha: ka karanta duk wannan, ka haddace, sannan ka yi shiru. Ka kafa kujera a inuwa, ka zaunar da Baba, ka bar shi ya ba ka labarin. Zai gaya maka nawa ne kuɗin jirgi a zamaninsa, wane tarago ya shiga, da wanda ya taka masa ƙafa a Malam Madori. Ko ka taɓa jin labarin a gida, a nan daban yake, domin yana nuna wurin da sandarsa. Wayarka ta yi aiki ɗaya a lokacin, ta naɗi muryarsa. Jikokinsa za su gode maka.

Ba za ku daɗe da zama ba wani dattijo zai rage tafiya ya yi sallama. Ka ɗauka shirin safiyar ya canza. Za a tambayi gajiya, a tambayi iyali, a tambayi zafi, a gano cewa ƙanin kakan wannan ya taɓa sayen raƙumi a wurin surukin wancan. Kada ka duba agogo, kada ka yi gyaran murya. Kai ka zo ganin gari, shi ya zo ganin mutane, kuma tafiyar tasa ce. Tun daga gida ka tsara wuri ɗaya tak a kowace fita. In an samu na biyu, riba ce.

Kasuwa tana buƙatar dabara. Ranar da take ci, cunkoso da ƙura da amalanke sun fi ƙarfin mai sanda, saboda haka ku shiga da wuri ku tsaya a gefe, ko ku je ranar da ba ta ci. Ku nemi masu tabarmar kaba, domin ƙasar goruba ce, da masu kanwa, da masu busasshen kifi. Ka nema wa Inna rumfa guda mai inuwa ta zauna, kai ka zama ɗan aike, kana kawo mata kaya tana dubawa tana mayarwa. Kada ka sa baki a ciniki. Idan ta ce "albarka" ta kau da kai, ba fushi ta yi ba, aiki take. In ka yi saurin zaro kuɗi don a gama, ka zubar mata da mutuncin da ta yi shekara hamsin tana ginawa a kasuwanni, kuma har ku koma gida ana maimaita maka.

Da yamma ku gangara bakin tafki. Tafkin Nguru da mashigar Marma suna cikin dausayin Haɗeja da Nguru, kuma an sa su a jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a shekarar 2000. A bazara ruwa ya ja baya, amma iskar bakinsa ta fi ta cikin gari sanyi, kuma akwai masunta da masu lambu da shanu masu zuwa shan ruwa. Baba zai kalli kacallar da ta rufe hanyoyin ruwa ya girgiza kai ya ce da can ba haka wurin yake ba. Gaskiya ya faɗa. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa a 1992 sun canza yadda ruwa ke saukowa daga Kano, ambaliyar da ke wanke fadama ta ragu, ruwa ya riƙa kwanciya duk shekara a wasu wurare, ciyawar ta samu gindin zama ta toshe magudanai, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan baki masu cinye hatsi. Wannan ciwo ne da ke damun duk wanda cinsa ke bakin ruwan nan, kuma ya dace baƙo ya ji shi daga bakin masunta. In Baba ya ce sai ya shiga kwalekwale, ka duba abu uku: akwai rigar kariya, jirgin bai cika ba, kuma akwai mutum biyu da za su riƙe shi wajen shiga da fita. In ɗaya ya ɓace, ku yi kallo daga tudu.

Yanzu ga babban sirrin tafiyar. Tsoho ba ya cewa ya gaji. Idan ka tambaye shi, "Baba, kun gaji?" zai ce a shekarunka shi da ƙafa yake zuwa cin kasuwar ƙauye ya dawo ya yi noma. Saboda haka kada ka tambaya. Ka ce, "Baba, ga wata inuwar darbejiya, mu tsaya mota ta huce," kuma ba ƙarya ka yi ba, motar na buƙata. Ruwa ma haka. Ƙishirwa ba ta saurin kama tsofaffi ko da jiki ya bushe, wasu kuma da gangan suke rage sha don gudun yawan zagayawa a hanya. Kada ka jira a nema. Ka sha, ka miƙa, ka ce, "Ku sa mini albarka a wannan." Ba ya iya ƙin wannan. Mutanen Gashuwa sun daɗe suna kuka da yawan ciwon ƙoda a yankinsu, don haka zancen tsabtataccen ruwa da yawan shansa ba abin wasa ba ne a wurinsu, kai ma kada ya zama a wurinka. Wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda zuciya ko ƙoda kuwa, a tambayi likitan kafin a fito. In ka ga jiri, ko magana ta fara ruɗewa, ko jiki ya yi zafi gumi ya ɗauke, yawo ya ƙare nan take: inuwa, a jiƙa masa jiki, a yi fifita, a nufi asibiti. Nguru akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya, Gashuwa ma akwai babban asibiti. Ka san hanyarsu tun ranar da kuka sauka.

Masauki kuma, kafin ka tambayi kuɗin ɗaki ka tambayi abu uku. Ɗakin a ƙasa yake ko sai an hau bene? Masan na zama ne ko na tsuguno? Idan wuta ta ɗauke cikin dare, me ke juya fanka? In gidan dangi kuka sauka, wanda shi Baba zai fi so, ka sayi fanka mai caji ka tafi da ita, ku kwana a tsakar gida cikin gidan sauro kamar kowa.

Kashegari da Asuba ku kama hanyar Gashuwa, tafiyar da ba ta kai kilomita 70 ba, ta Jajimaji. A tsakani ake ratsewa zuwa Dagona, matattarar tsuntsayen ruwa da ke ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na yankin Tafkin Chadi. Ka gaya wa Baba gaskiya tun a mota: baƙin tsuntsayen da ke gudo sanyin Turai yawanci sun juya gida kafin Afrilu. Abin da zai gani 'yan gida ne, irin su zalɓe da balbela da kirinjijiya, in an yi sa'a kuma shamuwa ta fara isowa da albishir ɗin damina. Idan ya ce shi bai ga dalilin da mai hankali zai ƙona mai don kallon tsuntsu ba, ka gaya masa marigayi Yarima Philip, mijin marigayiya Sarauniyar Ingila, ya zo wurin nan a 1989, kuma a lokacin ya ba shekara 65 baya. Zai yi shiru, sannan ya gyara hula ya ce a tafi. Ku nemi ma'aikatan gandun su raka ku, ku bar mota ta kai ku iyakar inda za ta iya.

Gashuwa gari ne na Badawa, a bakin kogin Yobe, ƙasa kaɗan da inda ruwan Haɗeja da na Jama'are suka haɗu suka nufi Gaidam da Tafkin Chadi. Fadar Mai Bade tana nan, tun da aka dawo da sarautar daga tsohon birnin Gogaram a shekarun 1940. Ƙofar fada wuri ne da ya dace da tsoho: ga fili, ga inuwa, ga dattawa. Ku gaisa da dogarai, ku nemi izini kafin ɗaukar hoto. Gogaram kanta, da ganuwarta da wurin bikin kamun kifi, ku ajiye ta sai wata tafiyar, domin hanyar fadama da zafin Afrilu ba su haɗuwa da ciwon baya. Idan Baba mai bin siyasa ne, zai so a wuce da shi ta gaban gidan yarin garin, inda gwamnatin soja ta tsare lauyan nan Gani Fawehinmi a 1989. Ku wuce a hankali, waya na aljihu. Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013 ma a mota za ku zaga ta, ya ga inda yake so jikarsa ta yi karatu. Bayan La'asar ku sauka bakin kogi. Zai ga ruwan ya tsuke ya raina shi, sai mutanen wurin su nuna masa inda ambaliyar 2022 ta kai a jikin gidaje.

Abinci a sauƙaƙe. Shinkafar Gashuwa da kifinta sun isa dalilin zuwa, amma ka zauna kusa ka cire ƙaya, ka kuma roƙi mai girki ta sassauta gishiri da barkono. Da rana fura da nono mai kyau da kankana sun wadatar. Kilishi da goruba a saya don jikoki, haƙoran Baba sun yi ritaya daga wannan aikin, ko da shi bai amince ba.

Ka ƙara kwana ɗaya a lissafinka wanda ba ka gaya wa kowa ba, domin ranar komawa za a tuna da wata gwaggo a bayan kasuwa wadda in ba a gaishe ta ba za a yi shekara ana jin zancen. Kuma ka bar rabin but ɗin mota babu kaya tun daga gida. Inna za ta sayi tabarmi, za a ba Baba buhun shinkafa, wani zai kawo kanwa da ƙullin busasshen kifi, kuma akwai yiwuwar a kawo zakara da ransa. Kifin ka ɗaure shi a leda biyu ka sa can ƙarshen but, zakaran kuma a huda masa kwali ya samu iska, ku tashi da Asuba don ku wuce Haɗeja kafin rana ta buɗe.