Masu raina darasin tattalin gida

Tun zuwan tsarin 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980 aka fara koyar da tattalin gida a ƙananan sakandaren Najeriya, kuma WAEC da NECO na shirya jarrabawa kan abinci, ɗinki da kula da gida. Duk da haka ɗalibai sun mai da shi abin dariya, alhali masu dariyar ne suka fi bukatarsa.

A cikinsu ga Hajiya Na-iya, wadda tun ba ta kai tsawon muciya ba take tuƙa tuwo, don haka take ganin malama ce ya kamata ta zauna a koya mata. Hannunta da daɗi, babu musu. Amma a tambaye ta me ya sa yaron da aka yaye da kunu zalla yake kumbura, ko yadda albashi zai kai ƙarshen wata, sai ta hau gyaran hijabi. Kusa da ita Namijin Duniya ne, mai rantsuwa ba zai taɓa ludayi ba don aikin mata ne. Mai shayin da ya soya masa ƙwai da safe namiji ne, haka mai tsire, haka telan da yake yi wa zarya a jajibirin Sallah, kuma kowannensu da wannan sana'ar yake ci da iyalinsa. Acici kuwa ba a ganinsa sai ranar girki, da cokali a aljihu. Likitar Gobe tana cewa darasin daƙiƙai ne, ta manta wata rana ita za ta tsara wa mai ciwon suga abincinsa. Sai Mai Neman Banza, da ya zaɓe shi don maki mai araha, ya ƙona shinkafa a gaban mai jarrabawa.

Za a ce yaran na da gaskiyarsu: a makarantu da yawa a allo ake zana risho da keken ɗinki, ranar gwaji kuma iyaye ne ke sayen kayan miya. Wannan haka yake, sai dai a allon ake zana kwalaben kimiyya ma, ba wanda ya ce a daina koyar da kimiyya. Masu cewa uwa ta isa su tuna uwa abin da ta gada take koyarwa, har da kuskuren ciki. Hukumomin ilimi su sayi tukwane da kekuna, kuma a sa maza su zauna a ajin.